Filin Mata: Faɗuwar Gaba da Yadda Ake Ƙidaya Bugun Zuciya

Makon jiya na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar yaye, to, ku yi mini gafara, yau zan saɓa. Wani abu ne ya faru a unguwarmu a nan Zakirai, na ga bai kamata in bar shi ya kwana ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu, yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, haihuwarta ta uku ke nan. An yi suna lafiya, an ci an sha, an watse. Bayan suna da kamar mako uku na shiga in duba ta da yamma, na dawo daga makaranta. Na tarar da ita zaune a bakin gado ta jingina da bango, jaririn yana hannun uwar mijinta. Na ce, "Sannu mai jego, yaya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Malama, da sauƙi, sai dai gabana ne yake ta faɗuwa, ba dare ba rana." Tana maganar tana tsayawa ta ja numfashi, kamar wadda ta dawo daga rijiya da tulu. Na dubi ƙafafunta, sun cika, har munduwar ƙafar ta nutse. Na tambaye ta yadda take barci. Ta ce kwana huɗu ke nan a zaune take kwana, domin da ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji, tari ya taso.

Uwar mijin, tsohuwa mai kirki wadda ba ta taɓa ƙyashin wahala a kan surukarta ba, ta ce, "Ai 'yar nan, sanyi ne ya shige ta. Na faɗa mata wasa take yi da wanka. Yanzu na ƙara itace, na kuma ƙara mata kanwa a kunu." Na ce, "Inna, bari in ga hannunta." Na kama wuyan hannun, na buɗe agogon wayata, na ƙidaya minti guda cur. Na sami 128. Mace tana zaune, ba ta yi aikin komai ba, ba zazzaɓi a jikinta. Cikin ƙidayar kuma sau da yawa sai bugun ya ɓace a ƙarƙashin yatsana, sa'an nan ya dawo da ƙarfi. Na sake ƙidayawa don kada in yi wa kaina ƙarya, na sami kusan haka.

Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce. Amma a kwalejin horon malamai an koya mana ɗan abin da ya shafi kiwon lafiya, kuma abin da na ji a hannun nan ya isa ya hana ni zama. Ban yi gardama da tsohuwa ba, don ba a gyara wa babba magana a gaban surukarsa. Na koma gida na gaya wa mahaifiyata, ita ta je ta same ta suka yi magana irin tasu ta manya, aka kira maigidan. Washegari da sassafe aka kai ta asibitin garinmu, daga can aka ba su takarda zuwa Kano. Likitoci suka ce zuciyarta ce ta kumbura ta yi rauni saboda haihuwa, ruwa ya taru mata a huhu. Ta yi kwanaki a kwance. Yanzu ta dawo, tana shan magani, an hana ta kanwa da gishiri mai yawa, tana kwana a kwance kamar kowa. Alhamdu lillahi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan kalma, faɗuwar gaba. Mu Hausawa da ita muke kiran abubuwa barkatai. In an yi sallama da tsakar dare, gaba ya faɗi. In malami ya shigo aji da takardun jarrabawa, gaban 'yan makaranta ya faɗi. In aka ce maigida zai ƙara aure, ba sai na faɗa muku ba. Wata kuma in gabanta ya faɗi haka kawai, sai ta ce wani mugun labari ne yake tafe, ko kuwa a ce iska ce ta shafe ta. To, da wannan kalma ɗaya tak mai ciwon zuciya ita ma take kai kukanta, shi ya sa ba a jin ta. Kowa ya taɓa jin faɗuwar gaba ya warke ba magani, don haka kowa yana ganin tata ma za ta wuce. Hanyar da za a rarrabe kuwa tana nan a wuyan hannunki, ba ta cin ko kwabo.

Bari in fara da yadda zuciyar take aiki, a taƙaice. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, da ƙofofi a tsakani waɗanda ke buɗewa ta gefe guda kawai don kada jini ya koma baya. Na sama su karɓi jini, na ƙasa su tura shi huhu da sauran jiki. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke fitar da wutar lantarki 'yar kaɗan, ita ce ke ba da umarni. Duk sa'ad da ta fita, sai ɗakunan sama su matse, sa'an nan na ƙasa su bi. Haka take yi wajen sau dubu ɗari a yini da kwana, tun kafin a haife ki.

Duk wadda ta taɓa yin lugude ta riga ta san sauran bayanin. Mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ba mai karo da wata. Ko daga bayan katanga kika saurara, kin san dakan na ƙwararru ne. Lafiyayyar zuciya haka take. In aiki ya yi yawa a ƙara sauri, in an huta a sassauta, amma tazarar da ke tsakanin duka da duka daidai take.

Ga yadda ake ƙidayar. Ki zauna ki huta kamar minti biyar tukuna, kada ki ƙidaya kina sauke tulu. Ki juya tafin hannunki na hagu ya dubi sama. Ki ɗora yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya, a wuyan hannun, ta gefen babban yatsa, ƙasa kaɗan da inda tafin ya ƙare. Ki danna a hankali har ki ji abu yana harbawa. Kada ki sa babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, zai rikita ki. Kada kuma ki danna da ƙarfi, sai ki toshe jijiyar ki ce ba ki ji komai ba. In kin samu, ki dubi agogo mai sandar daƙiƙa, ko agogon da ke cikin waya, ki ƙidaya har minti guda. A asibiti za ki ga wani lokaci sun ƙidaya rabin minti sun ninka biyu. Wannan ya yi ga mai bugu daidai, amma mu da muke neman rikici gara mu cika mintin, don ɓatan bugu ba ya sanarwa kafin ya zo. Wadda ta kasa samu a hannu tana iya taɓa gefen maƙogwaro, ƙasa da muƙamuƙi, amma gefe guda kawai, kuma a hankali.

Babban mutum mai lafiya, yana zaune a huce, bugunsa tsakanin 60 ne da 100 a minti. Na yara ya fi sauri. Jariri sabon haihuwa yakan yi 120 har zuwa 160, saboda haka kada ki taɓa ƙirjin jaririnki ki ta da gida. Mai ciki nata yakan ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a kan yadda ta saba, domin jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi kafin ta haihu, dole zuciya ta ƙara himma. Zazzaɓi ma yana ƙara shi. Mai aikin ƙarfi kullum, kamar manomi ko ɗan ƙwallo, nasa kan sauka ƙasa da 60, lafiya ce ta kawo haka.

Na gwada wannan da 'yan ajina ran nan. Na sa kowace ta ƙidaya nata ta rubuta a allo, sa'an nan na ce su zagaya filin makaranta sau biyu da gudu su dawo su sake. Wadda ta rubuta 80 ta dawo da 130, aji ya kaure da ihu. Bayan minti goma kowa ya koma inda yake. Wata mai lura a cikinsu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, nawa in na ja numfashi sai ya yi sauri, in na saki sai ya yi sanyi, ko ciwo ne?" Na ce ba ciwo ba ne, haka zuciyar yara da matasa take yi, alamar lafiya ce ma. Na faɗa a nan don 'yan makarantar da za su karanta wannan su gwada, kada su tsorata.

Yawan bugu rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne tsarinsa, kuma shi ya fi wuyar bayani ga likita in ba ki saurara da kyau ba. Galibi iri huɗu ake ji.

Na farko, bugu mai sauri amma daidai, wanda ya hau a hankali ya kuma sauka a hankali. Wannan shi ne na tsoro da fushi da gudu da zazzaɓi da ƙishirwar bazara. Zuciyar lafiya lau take, aike ne ya yi mata yawa. Sai a nemi wanda ya aike ta. A wurinmu mata, mai aiken nan sau da yawa ƙarancin jini ne. Jini in ya yi ruwa ba ya ɗaukar iska isasshiya, sai zuciya ta riƙa zagayawa da shi da sauri don ta cike gurbi. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi, ki dubi tafin hannunki. In sun yi fari fat, ga kasala, ga jiri in kin miƙe, ga haki in kin yi 'yar tafiya, to, ki je a auna jininki. Haihuwa kusa da kusa, da al'ada mai zuba da yawa, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, duk suna cinye jini. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki don wannan ake ba da su, amma na san gidajen da suke ƙarewa a kan taga. Hanta da nama da wake da zogale da alayyahu suna taimako. Shayi mai kauri kuwa in an sha shi tare da abinci yana hana jiki tsotsar abin da ke gina jinin, gara a raba su da kamar sa'a guda.

Tun da na ambaci shayi, bari in taɓo goro, ko da iyayena za su harare ni. Abin da ke cikin goro mai kore barci shi ne dai ke cikin shayi da kofi da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari da samari suka ɗaure wa gindi. Yana zaburar da zuciya. Tsohuwa ta ci goro huɗu kafin azahar ba ta karya kumallo ba, sa'an nan ta ce gabanta na faɗuwa, a tafi neman turare. Ta rage goron mako guda ta gani. Haka kuma waɗansu magungunan mura da na asma suna sa bugu ya yi sauri da rawar hannu. Akwai kuma maƙoƙo irin wanda ke sa mace ta rame alhali tana cin abinci sosai, ga gumi, ga rawar hannu, ga rashin barci, wani lokaci idanu su firfito. Shi ma zuciya yake kora, kuma yana da magani.

Na biyu, ɓatan bugu. Kina zaune sai ki ji kamar zuciyar ta tsaya cak, sa'an nan ta buga da ƙarfi, dum, har ki ji a maƙogwaro. Ku tuna mai daka in ta ji daɗin aiki, ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, dukan da zai biyo baya ya fi sauran ƙarfi. Kusan haka ne. Wani bugu ne ya yi riga-malam-masallaci, ya zo kafin lokacinsa ba ƙarfi, sai zuciya ta ɗan jira, ta cika sosai, ta buga mai nauyi. Kusan kowa yana samun wannan jifa-jifa, musamman in ga gajiya ko rashin barci ko goro. In ɗaya ne can ba a rasa ba, kuma ba wata alama tare da shi, galibi ba abin damuwa ba ne. Amma in ya yi yawa, ko ya zo tare da haki da kumburi kamar na maƙwabciyata, labari ya sha bamban.

Na uku, wanda ke tashi farat ɗaya kamar an kunna injin niƙa. Ba tsoro, ba gudu, sai kawai bugu ya haura 150, har ya fi, ya yi minti kaɗan ko sa'o'i, sa'an nan ya tsaya farat ɗaya kamar yadda ya fara. Wannan yakan sami 'yan mata da matasa masu lafiya. Wutar nan ce ta sami wata 'yar ɓarauniyar hanya take zagayawa. Irin wannan ne aka fi ɗora wa iska, domin yarinya takan firgita ta yi ta haki, kafin a kawo mai magani abin ya wuce, sai a ce turare ya yi aiki. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Amma a ƙidaya bugun a lokacin da abin ke faruwa, a rubuta, a kai wa likita, yana da abin da zai yi a kai.

Na huɗu shi ne wanda na fi so ku riƙe, don ya fi ɓarna kuma ya fi ɓoyewa. Bugu ne marar tsari sam, kamar an bar wa yara turmi. Biyu da sauri, ɗaya a hankali, shiru, uku a jere, wani da ƙarfi wani da kyar. Ko kin yi ƙoƙari ki bi shi da ƙafa ba za ki iya ba. Abin da ke faruwa shi ne ɗakunan sama sun daina matsewa, karkarwa kawai suke yi. Jinin da ya kwanta a cikinsu yana iya daskarewa ya yi gudaji, ran da gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Masana sun ce mai wannan karkarwa haɗarin shanyewar jikinsa ya ninka na sauran mutane wajen sau biyar. Kuma da yawa masu ita ba sa jin komai. Akwai maganin da ke hana jinin daskarewa, amma sai an gano tukuna. Don haka ke 'yar makaranta, in kin je gaida kakarki, kama hannunta ki ƙidaya. Ta ce me kike yi, ki ce aikin gida aka ba ki.

A wurin tsofaffi, hawan jini wanda aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen kawo wannan. A wurin matasa kuwa, sau da yawa tushensa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara 'yan shekara 5 zuwa 15, da zazzaɓi da wuyar haɗiya. In ba a kashe ta da maganin asibiti ba, bayan mako biyu ko uku waɗansu yaran sai gaɓoɓinsu su kumbura, ciwo ya bar gwiwa ya koma idon sawu, ya koma gwiwar hannu. Gaɓoɓin su warke, amma ƙofofin zuciya sun tabu. Shekaru su wuce ba a sani ba, sai yarinya ta yi aure ta sami ciki, jini ya ƙaru, ƙofar da ta ƙuntata ta kasa ɗauka. Mu kuwa yaro ya ce maƙogwaro, sai a ce beli ne, a kira wanzami. Cire beli ba ya kashe ƙwayar nan. Fenisilin ke kashe ta, kuma ba shi da tsada. Wadda aka riga aka gano ciwon ya taɓa zuciyarta akan sa ta allura duk wata har shekaru, kada a gaji a bari.

Yanzu in koma kan mai jego, don nan ne ƙasarmu ta yi suna a littattafan likitocin duniya, suna irin wanda ba a so. Ciwon da ya kama maƙwabciyata yana zuwa ne daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni kamar biyar bayan haihuwa, ga macen da ba ta taɓa ciwon zuciya ba. A Turai da Amurka sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga ɗaya. A ƙasar Hausa kuwa, binciken da aka yi a Zariya da Sakkwato da Kano ya nuna wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a asibitocin da aka duba. Ba a san wurare da yawa a duniya da suka kai haka ba.

Waɗansu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, su suka bi mata fiye da ɗari biyu masu wannan ciwo a Zariya, suka buga abin da suka gani a 1978. Su a ganinsu al'adun jego suna da hannu: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Dalilinsu shi ne kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta yi aiki biyu. Shekaru da yawa haka aka riƙa koyarwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata wajen ɗari huɗu daga asibitocin Nijeriya, aka buga a 2020. Mafi yawan matan daga arewa maso yamma suke. Su ba su sami shaidar cewa wankan jego ne ke haddasa ciwon ba. Abin da suka fi gani tare da shi shi ne rama, da rashin abin hannu, da rashin zuwa makaranta, da hawan jini na lokacin ciki. A Kano kuma an ga matan da yawa jininsu ya gaza da wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, ana ce da shi silinyam.

Na kawo duka biyun don kada wata ta ɗauki jarida ta tafi ta ce wa uwar mijinta malama ta ce wanka ne ke kashe mata. Ban ce ba. Ga dai ra'ayina. Ruwa mai ɗumi yana sa mai jego ta ji daɗin jikinta, kuma kwana arba'in ɗin nan da ake ɗauke mata aiki ana ba ta abinci mai kyau gata ne wanda matan waɗansu ƙasashe ba su samu ba. Amma ruwan da ke sale fata ba shi da wani amfani. Kuma duk likitocin, na da da na yanzu, bakinsu ɗaya a kan abu guda: macen da ta riga ta kumbura, ko take da hawan jini, kanwa da gishiri ƙara mata ciwo suke yi. Kuskuren da muke yi shi ne, in mai jego ta kumbura sai mu ce wanka ne bai isa ba, mu ƙara wuta mu ƙara kanwa. Ana haka kwanaki suna tafiya. Matan nan da yawa zuciyarsu tana komawa daidai cikin wata shida zuwa shekara in an fara magani da wuri. Wadda tata ba ta koma ba kuwa, wani cikin yana iya zama ajalinta, don haka maganar sake ɗaukar ciki sai an zauna da likita, da maigida a wurin, ya ji da kunnensa.

Akwai wata wahala da duk mai faɗuwar gaba ta sani. Ki yi sammako, ki biya kuɗin mota zuwa Kano, ki bi layi, sa'ad da kika shiga wurin likita zuciyar ta kwanta luf kamar ba ita ba. Ya sa abin sauraro a ƙirji ya ce bai ji komai ba. Har na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, wadda ake kira i-si-ji, wadda wani likitan ƙasar Holan mai suna Einthoven ya ƙera a farkon ƙarnin da ya wuce har aka ba shi kyautar Nobel a 1924, abin da ke faruwa a daƙiƙun da aka manna ta kawai take nunawa. Shi ya sa a manyan asibitoci akwai wata 'yar ƙarama da ake rataya wa mutum ya tafi da ita gida, ta yi ta rubutu yini da kwana. Yanzu har agogon hannu akwai masu yin wannan, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. A 2024 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci shida na Nijeriya, da mata masu ciki da masu jego fiye da dubu, inda aka yi amfani da abin sauraron ƙirji mai haɗe da kwamfuta. Ya gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda aka gano ta hanyar da aka saba. Allah ya kawo shi ƙananan asibitocinmu. Na'urar awon hawan jini ta batir, irin wadda ake samu a kemis, ita ma tana nuna yawan bugu, waɗansu kuma suna fito da wata 'yar alama in bugun ba daidai yake ba. In kin ga alamar ta fito sau biyu sau uku, kada ki ce na'urar ce ta lalace.

Kafin waɗannan su iso gare mu, ga abin da kowace mai karatu za ta iya. Ki ware shafi a bayan wani tsohon littafin rubutu. Kwana uku a jere, da safe kafin ki fara aiki, ki ƙidaya bugunki ki rubuta, don ki san naki na lafiya. Sa'an nan duk ran da gabanki ya faɗi ba dalili, ki zauna ki ƙidaya nan take, ki rubuta rana da lokaci, da abin da kike yi, da abin da kika ci ko kika sha, da adadin da kika samu, da ko daidai yake ko a rikice, da yadda ya fara, a hankali ko farat ɗaya, da tsawon lokacin da ya ɗauka. In kin je asibiti ki miƙa takardar, ki kuma ƙwanƙwasa wa likita irin bugun a kan tebur da yatsa. Ki tafi da duk magungunan da kike sha, har na gargajiya, kada ki ɓoye. Wadda ba ta iya rubutu ba, 'yarta ko ƙanwarta 'yar makaranta ta rubuta mata. Amfanin karatun ke nan.

Amma akwai lokacin da ba a tsayawa rubutu. In faɗuwar gaba ta zo da suma, ko duhun ido kamar za a faɗi, ko ciwo mai danne ƙirji, ko numfashi ya gagara a kwance, ko tari da dare mai kumfa, ko kumburin ƙafa da fuska ga mai ciki ko mai jego, ko hannu ya mutu, baki ya karkace, to, mota za a nema a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Haka in mace tana zaune a huce, ba zazzaɓi, bugunta ya wuce 120 ya ƙi sauka, ko ya faɗi ƙasa da 50 tana jin jiri. Gidan da aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta saurayi ko budurwa, su ma kada su yi wasa da suma ko faɗuwar gaba, a gaya wa likita wannan tarihi.

Jiya na sake leƙa maƙwabciyar tawa. Na tarar da uwar mijin ta kama mata wuyan hannu, jikarta 'yar aji biyar tana riƙe da waya tana duba lokaci. Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, zo ki ji ko na ƙirga daidai, ni 92 na samu." Na ƙidaya, na sami 90.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan yaye. Masu aiko da wasiƙu a kan tafasa ruwan sha, na gani, suna nan a layi.